Gubar dalma: cutar da ke shiga gida ta ƙurar tsakar gida da kayan sana'a

 A wannan karo mun ɗauko maganar da ba a cika jin ta ba a rumfunan kasuwa, alhali kuwa ta shafi abubuwan da muke taɓawa kullum: ƙasar tsakar gida, injin niƙa, tsohon batir, tukunyar girki da kwallin da ake sa wa jinjiri. Maganar gubar dalma ce. Likitoci da masu binciken ƙasa sun yi shekaru suna awo suna rubutawa, amma yawancin abin da suka gano yana cikin Turanci da Faransanci, cikin takardun da ba sa isowa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram. Shi ya sa muka tattaro kaɗan daga ciki, domin mai rumfa da mai tallar abinci su san abin da likita ya sani.

Dalma dai ƙarfe ne mai nauyi da laushi, wanda ake samu cikin batir na mota. Idan ta zama gari ta gauraya da ƙura, ba ta da wari, ba ta da wani ɗanɗano da zai sa mutum ya tofar, ido kuma ba ya bambanta ta da sauran ƙasa. Ba ta ruɓewa, wuta ba ta kashe ta, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Inda ta zuba, nan za ta zauna shekara da shekaru, sai in an kwashe ƙasar wurin.

Abin da ya faru a Zamfara

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suna yawon sa ido kan ciwon sanƙarau a jihar Zamfara ta Najeriya, wadda ba ta da nisa da iyakarmu ta kudu. Sai suka sami labarin cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya yi laushi, daga nan sai jijjiga, sai suma, sai rasuwa. Da farko an ɗauka masassarar cizon sauro ce ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, amma yaran ba su ji sauƙi ba. Sai da aka ɗebi jininsu aka aika ƙasar waje aka auna, sannan aka gane cewa dalma ce.

Daga ina dalmar ta fito? Tsakanin 2005 da 2010 kuɗin zinari ya ninka kusan sau uku a kasuwar duniya. Manoman yankin suka dukufa ga haƙar dutse mai zinari, suka ci karo da wani dutse wanda dalma ta yi yawa a cikinsa. Maza na kawo buhunan dutsen cikin gari, ana farfasa shi, ana niƙa shi a injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, mata kuma na daka a turmi, suna shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a kan dabe, a kan tabarma, a kan ƙwarya da randa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, ya haɗiye.

A watannin Mayu da Yuni na 2010, masu bincike na hukumar CDC ta Amurka tare da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu. Sun shiga gidaje 119, suka ƙidaya yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar. Daga cikinsu 118 sun riga sun rasu cikin shekara guda da ta gabata, wato yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Mafi yawan waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. An auna jinin yara 204 masu rai, kuma babu ko ɗaya da aka samu ba shi da gubar. Kashi 97 cikin 100 ma sun kai matakin da ake bukatar magani na musamman. Kimanin gida biyu cikin kowane uku ana sarrafa dutsen ne a cikin gida.

Awon ƙasa ya fi ba da tsoro. A wancan lokaci, dokar Amurka ta ce ƙasar da yara ke wasa a kai kada ta wuce miligram 400 na dalma cikin kilo guda. A wasu wurare na waɗannan ƙauyuka an sami fiye da miligram 100,000, wato kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙasar dalma ce zalla. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu a wannan annoba, dubbai kuma suka kamu, a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma, Abare, Sunke da garin Bagega. A shekarar 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, can cikin Najeriya, inda yara 28 suka rasu.

Akwai wani sakamako da ya shafi masu sayar da hatsi kai tsaye. Da aka auna abincin ƙauyukan, an gano cewa yawancin dalmar da ke cikinsa bayan girbi ta shiga, wajen sussuka, da shanya, da daka, da niƙa, da girki a gidajen da ƙura ta ɓata. Hatsin ya fito daga gona da dama-dama, aikin hannu a gurɓataccen wuri ne ya ƙara masa guba.

Yadda ake awo da abin da lambobin ke nufi

Likita na auna dalma cikin jini da ma'aunin da ake kira mikrogram. Idan aka raba giram guda gida miliyan, kashi ɗaya shi ne mikrogram. Ana duba mikrogram nawa ke cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Domin sauƙi, za mu riƙa cewa awo 5, awo 45, da sauransu.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce babu wani adadin dalma cikin jini da aka sani ba ya cutarwa. Cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2021, ta ce idan awo ya kai 5 to a nemi inda dalmar ke fitowa a toshe. Idan ya kai 45 a jikin ƙaramin yaro, ana ba da maganin fitar da ita. Idan ya haura 70 ko 100, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, a ga jijjiga da suma. A Zamfara an sami yaran da awonsu ya kai ɗaruruwa.

Me ya sa yara suka fi shan wahala? Dalili na farko, su ne kusa da ƙasa, kuma duk abin da suka tsinta baki suke kai wa. Na biyu, hanjin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa. Na uku, ƙwaƙwalwarsa tana cikin girma, don haka ɓarnar ta fi yawa. Yaron da ke da ƙarancin jini, ko mai tamowa, ko wanda ya wuni da yunwa, ya fi kowa tsotsar ta, domin jiki na ɗaukar dalma a matsayin sinadaran gina jini da ƙashi da ya rasa.

Dalmar da ta shiga jiki ba ta tsayawa cikin jini kaɗai. Tana komawa cikin ƙashi da haƙora, inda za ta iya zama shekaru gommai. Idan yarinya ta girma ta ɗauki ciki, dalmar na iya fitowa daga ƙashinta ta shiga jini, ta isa ga ɗan da ke ciki. Tana iya kawo ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko jariri maras nauyi. Ga manya kuwa tana kawo hawan jini, ciwon ƙoda da ciwon zuciya.

Amma babbar ɓarnar ita ce wadda ba a gani. Yawancin yaran da ke ɗauke da dalma ba sa jijjiga, ba sa kwanciya. Suna cin abinci, suna wasa, sai dai basirarsu ta ragu. A shekarar 2005 masu bincike suka haɗa bayanan yara 1,333 daga ƙasashe daban-daban, suka ga cewa yadda dalma ke ƙaruwa cikin jini haka makin basira ke raguwa, kuma faɗuwar ta fi tsanani tun awon bai kai 10 ba. Wannan shi ne yaron da malami zai ce ba ya ganewa, ko ba ya zama wuri guda, uwa ta yi ta faɗa, alhali dalilin na cikin jininsa. A shekarar 2020 hukumar UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar da rahoto mai cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato yara har miliyan 800, awonsu ya kai 5 ko ya wuce, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke.

Magani akwai, amma yana da iyaka

A Zamfara likitocin MSF sun yi amfani da wani magani na haɗiya mai suna DMSA. Aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana shan sa makonni uku zuwa huɗu, kuma yara da yawa sai da aka maimaita musu sau da dama, domin dalmar da ke ɓoye cikin ƙashi na sake fitowa. A 2014 likitocin suka wallafa bayanin zagaye 3,180 na maganin da aka bai wa yara 1,156. Sun ga cewa maganin na rage dalma, kuma ya fi aiki idan ma'aikacin lafiya na tsaye yana ganin yaron ya haɗiye. Mace-macen sun ragu ƙwarai bayan an fara maganin tare da tsabtace garuruwa.

Sai dai akwai wani bincike da ya kamata kowace uwa ta sani. A Amurka an ɗauki yara 780 masu shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda awonsu ke tsakanin 20 da 44. Aka raba su gida biyu, wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwayar da ba ta da magani a ciki, aka bi su har shekaru uku. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna cewa dalma ta ragu cikin jinin waɗanda suka sha maganin, amma makin basirarsu bai fi na sauran ba. Ma'ana, maganin na ceton ran yaron da gubar ta yi wa yawa, amma ba ya mayar da basirar da ta riga ta tafi. A nan ne maganar magabata ta rigakafi ya fi magani ta tabbata.

Abu na biyu, magani ba ya amfani idan yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Shi ya sa aka fara da tsabtace gari. Sarakuna da masu unguwanni suka hana sarrafa dutse cikin gari, aka mayar da aikin can bayan gari. Ƙwararru na kamfanin TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith, tare da mutanen gari, suka bi gida-gida da wata na'urar hannu da ke nuna yawan dalma nan take. Inda ta yi yawa sai a kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar, a zuba a buhuna a binne a ramin da aka tanada, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. A Bagega an yi jinkirin samun kuɗin aikin, sai a 2013 aka yi shi, kuma yaran garin sun yi ta jira, domin ba a iya fara musu magani ba sai da aka gama. Daga baya an koya wa masu haƙa su riƙa jiƙa dutse da ruwa wajen niƙa, su yi wanka su canza tufafi kafin su koma gida. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022, bayan fiye da shekaru 11.

Muna jan kunne: wannan magani na likita ne, sai bayan awon jini ake ba da shi. Babu wata ƙwaya ta bakin hanya ko jiƙo da ke wanke dalma. Haka kuma maganar da wasu masu aikin ƙarfe ke yi, wai shan madara na kashe guba, ba ta da tushe. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jiki.

Tsohon batir da abin da ya faru a Dakar

Wani zai ce mu ba ma haƙar zinari, to ina ruwanmu? Sai mu duba abin da ya faru a Senegal. A unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye-sur-Mer, a gefen birnin Dakar, an daɗe ana fasa tsofaffin batura ana ciro dalma, har rairayin unguwar ya cika da ɓarɓashinta. Da kuɗin dalma ya tashi, masu saye suka zo, sai mazauna unguwar, yawancinsu mata, suka shiga ɗibar rairayin suna tankaɗewa, suna tara garin dalmar a buhuna cikin gidajensu domin sayarwa. Suna aikin da goyo a baya, sauran yaran na wasa a gefe.

Daga watan Nuwamba na 2007 zuwa Maris na 2008, yara 18 suka rasu a wannan unguwa. Da ƙwararrun OMS suka zo suka auna mutane 81, ciki har da iyaye mata da ƴan'uwan yaran da suka rasu, sai suka tarar dukansu suna ɗauke da gubar, wasu awonsu ya haura 100 nesa ba kusa ba. Waɗannan mata ba mugunta suka yi ba. Abin sa wa a baki suke nema, kuma babu wanda ya gaya musu abin da ke cikin rariyarsu.

Wannan labari ya shafe mu, domin fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da ake amfani da ita a duniya cikin batir take tafiya. A yau batura sun yawaita a garuruwanmu: na mota, na babur ɗin ƴan kabu-kabu, na wutar hasken rana da ke gidaje da shaguna. Batir da ke rufe ba shi da matsala. Haɗarin na farawa ne idan aka fasa shi, aka zubar da ruwansa a ƙasa, aka narka farantan cikinsa a kan gawayi. Hayaƙin na shiga huhun mai aikin, tokar kuma ta zauna a ƙasa, iska ta kwashe ta zuwa kan tiren mai sayar da ƙosai da ke kusa.

A da, man fetur ne ke watsa dalma cikin iska. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021. Wannan hanya an toshe ta. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ke bi ta hannun masu sana'a da ƴan kasuwa.

Kwalli, tukunya da kayan yaji

Kwallin dutse, mai launin toka mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a sa a tandu, yawancinsa dutsen dalma ne. A shekarar 2011, a wani asibitin yara na birnin Boston na Amurka, an auna jinin wani jinjiri ɗan wata shida wanda iyayensa ƴan asalin Najeriya ne, aka sami awo 13. Aka bincika gidan ba a ga komai ba, sai a kwallin da ake sa masa a ido, wanda aka sayo daga Najeriya. Da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Jinjiri na murza ido, ya kai hannu baki, wani kuma ya bi hawaye ya gangara maƙogwaro. Mun san al'ada ce ta iyaye da kakanni, ana yi ne domin ido ya yi kyau ya yi haske. Amma kada garin gyaran gira a rasa ido. Shawarar likitoci ita ce kada a sa wa jarirai da ƙananan yara, mai ciki da mai shayarwa ma su ƙaurace masa.

Sai tukwanen zubi, waɗanda wasu ke kira tukunyar dalma. Asalinsu sanholo ne, kuma sanholo mai tsabta ba shi da wannan matsala. Amma masu zubi na haɗa tarkacen ƙarfe iri-iri, har da kayan injin mota, wasunsu kuma na ɗauke da dalma. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gwada irin waɗannan kayan girki da aka yi a Kamaru. Aka tafasa ruwa mai tsami a ciki, aka ga dalma na fita daga jikin da yawa daga cikinsu tana shiga ruwan. Darasin shi ne, abinci mai tsami, kamar mai tsamiya, yakuwa, soɓorodo ko tumatir, ya fi jawo dalma, musamman in ya daɗe a kan wuta ko ya kwana cikin tukunyar. Mai tuwo-tuwo da mai kunu sai su riƙa juye abinci mai tsami a wani mazubi da zarar ya dahu, kuma su daina aiki da tukunyar da cikinta ya zaizaye. Masu zubi kuma su ware tarkacensu, kada dalmar batir ko ta like ta shiga cikin narki.

Akwai kuma labari mai daɗi daga Bangaladash. A can masu bincike na jami'ar Stanford da cibiyar icddr,b ta birnin Daka sun ga mata masu ciki da dalma a jini a karkarar da babu masana'antu. Suka bi diddigi har suka gano cewa masu sarrafa kurkum na shafa masa wani garin fenti rawaya mai dalma, domin ya yi kyau a idon mai saye. Hukumar kula da abinci ta shiga kasuwa da na'urar awo, aka manna takardun gargaɗi, aka yi shela a kafofin watsa labarai, aka ci wasu dillalai tara. A 2019 kashi 47 cikin 100 na kurkum ɗin da aka gwada a kasuwannin yana da dalma. A 2021 ba a sami ko ɗaya ba. Cikin shekaru biyu aka kawar da matsalar, kuma cinikin kurkum bai tsaya ba. Wannan ya nuna cewa idan ɗan kasuwa ya sani, hukuma kuma ta auna, gyara ba ya daɗewa.

Mu fa a nan gida?

Ƙasarmu ma tana da masu haƙar zinari na gargajiya: a Komabangu cikin jahar Tillaberi tun shekaru masu yawa, a Jado da Cibarakaten tun 2014, sai kuma yankin Ɗan Isa na jahar Maraɗi tun 2021. Ba kowane dutsen zinari ke ɗauke da dalma ba, kuma awo kaɗai ke bambancewa. To amma matasanmu na zirga-zirga tsakanin waɗannan wurare da na ƙetaren iyaka, suna dawowa da buhuna da tufafi masu ƙura, mata kuma na bin su da tallar abinci da ruwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mutanen Maraɗi ba su manta da yaran Tibiri ba, waɗanda ruwan pampo mai sinadarin fuluwor fiye da kima ya ɓata wa haƙora ya tanƙwara wa ƙasusuwa, aka yi shekaru ana sha kafin a gane. Wannan wata guba ce daban, amma darasin iri ɗaya ne da na Zamfara da Dakar: sai da yara suka nakasa ko suka mutu sannan aka yi awo. Awon da aka yi a ƙarshe, da an yi shi da farko, da an tsira da yawa.

Ga abin da kowa zai iya yi tun yau, ba tare da kashe ko dala ba:

Kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida, kuma kada a niƙa shi ko a daka shi da injin ko turmin da ake sarrafa abinci. Mai injin niƙa ya ƙi karɓar irin wannan aiki ko nawa za a biya shi. Buhun da ya ɗauki dutse ko toka kada ya koma ɗaukar hatsi.

Kada a fasa batir ko a narka dalma a cikin gida, ko kusa da rumfunan abinci, rijiya da makaranta. Wanda ke tara tsofaffin batura ya ajiye su a rufe, a inda yara ba sa zuwa, ya sayar da su yadda suke. Kwankon batir kada ya zama mazubin ruwa ko abincin dabbobi.

Wanda ke aikin haƙa, gyaran batir, like ko zubin ƙarfe, ya yi wanka ya canza tufafi da takalmi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. A wanke tufafin aikin dabam, kuma kada mai ciki ta wanke su.

A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci. A yayyafa ruwa kafin shara domin kada ƙura ta tashi. A rufe abincin sayarwa, a shanya hatsi da kayan miya a kan tabarma ko leda mai tsabta, nesa da garejin mota da maƙera.

A ciyar da yara tun da safe, a ba su abin da ke gina jini da ƙashi gwargwadon hali: wake, zogale, nono, kifi, hanta. Wannan ba ya fitar da dalma, amma yana rage yawan wadda hanji ke tsotsewa.

Idan yaro na yawan ciwon ciki, amai, kasala, ko ya yi jijjiga, musamman in an yi maganin masassara bai ji sauƙi ba, a kai shi gidan likita, kuma a gaya wa likitan irin sana'ar da ake yi a gidan da unguwar. Wannan bayani ne zai sa ya yi tunanin dalma. Idan yara da yawa a unguwa guda suka kama irin wannan ciwo, ko aka ga kaji da agwagi na mutuwa ba dalili, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya ba tare da jinkiri ba.

Sauran aikin na hukumomi ne da shugabannin kasuwa. Muna kira ga magadan gari su ware wa masu fasa batir da masu zubi wuri nesa da layin abinci. Muna kira ga ma'aikatar lafiya da ta muhalli su tanadi na'urorin awon jini da na ƙasa a manyan asibitocin jahohi da wuraren haƙar zinari, su auna kwalli, tukwane da kayan yaji da ke kasuwanninmu, su faɗa wa jama'a sakamakon cikin harsunan da suke ji. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata su ma suna da bakin magana, su nemi a yi wannan awo, domin yaran da ke rarrafe a ƙarƙashin teburin sana'a nasu ne.

Allah ya kare mana zuriya, ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.